Mai Yanka da Mai Rabo: Tarihin Wata Gardamar Ƙwallo a Kudancin Kano

Daga Ƙofa da Bebeji zuwa Kiru da Kwanar Ɗangora, har can Tudun Wada da Doguwa, akwai wata gardama da ba ta tsufa a bakin masoya ƙwallon ƙafa. Ana yin ta a teburin mai shayi da bencin majalisa da ƙofar gidan kallo, kuma tambayarta guda ce: wane ne ke ciyar da ƙungiya gaba idan ta tashi kai hari? Wasu su ce mai yanka ne, wanda zai ɗauki ƙwallo ya ratsa mutum uku ya bar su a zaune. Wasu su ce mai rabo ne, wanda zai tsaya a tsakiyar fili cikin natsuwa, abokan hamayya na rufto masa, ya ɗaga kai ya aika ƙwallo inda ta dace. Na tashi na tarar da wannan gardama a bakin iyayenmu, ga shi yau ina jin ta a bakin ƙannenmu. Na lura kuwa tana sauya kama gwargwadon hanyar da wasan ke isowa gare mu, kuma hukuncin da muke yankewa a kanta yana shafar irin 'yan wasan da garuruwanmu ke haifarwa.

Ba mu kaɗai ke wannan musu ba. A Amurka akwai wani wasa da su ma suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake yawancinsa da hannu ake yi. A cikinsa akwai ɗan wasa guda da ke jagorantar hari, mutum biyar suna yi masa katanga, shi kuwa yana da 'yan daƙiƙoƙi kaɗan ya zaɓi wanda zai jefa wa ƙwallo kafin katangar ta rushe. Masu kallo a can sun daɗe suna jayayya kan wanda ya fi amfani tsakanin mai tsayawa a bayan katangar da mai ficewa da gudu. Da wuya ka sami wanda ya damu da wannan wasa a Bebeji, amma tambayar tasu ita ce tamu: mene ne darajar mutumin da hankalinsa ba ya tashi a lokacin da aka matsa masa, kuma su wa ke sama masa damar natsuwar?

Kano ta daɗe da sanin ƙwallo. An fara gasar Kofin Gwamna a 1945, ƙungiyoyin Legas suka yi ta cinye shi har zuwa 1953, lokacin da ƙungiyar Kano ta doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1, ta zama ta farko daga wajen Legas da ta ɗauki kofin. Amma mutumin karkara bai ga wannan wasa da idonsa ba, kuma shekaru da dama bayan haka rediyo ce idonsa. Rediyo kuwa tana da wata ɗabi'a: sunan wanda ke riƙe da ƙwallo kaɗai take kira. Wanda ya daɗe da ita a ƙafa, shi za a yi ta ambata, muryar mai sharhi na hawa tare da shi. Wanda ya taɓa ta sau ɗaya ya miƙa, sunansa zai wuce kamar walƙiya. Wanda ya yi gudu ba tare da ƙwallo ba don ya ja ɗan baya ya buɗe hanya, ba a ma san yana fili ba. Saboda haka zamanin rediyo zamanin mai yanka ne.

A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta zama zakaran gasar ƙasa, kuma a wannan shekara ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, inda Pele ya taka leda. Sunan Pele ya zauna a bakin mutane har ya zama laƙabin duk yaron da ya iya wasa da ƙwallo. A 1980 Nijeriya ta ci Kofin Afirka karon farko a Legas, ta doke Aljeriya da ci 3 da nema. Segun Odegbami, gwanin gudu ta gefe, shi ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya. Dattawan da na zauna da su suna ba da labarin Odegbami da zumuɗi. Ƙalilan ne daga cikinsu ke tuna cewa Muda Lawal ya shafe shekaru yana riƙe wa ƙungiyar ƙasa tsakiya, yana karɓa yana rabawa. Ban ga laifinsu ba, domin abin da kunne ya kawo musu ke nan.

Da talabijin ta yawaita, gani ya kori ji. A ƙauyukanmu, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, akan taru a gidan mai akwati guda, wani lokaci da batirin mota ake kunna ta. A nan ne gardamar ta sami sunaye biyu: Jay-Jay Okocha da Sunday Oliseh. Okocha yana yin abin da ke sa mutum ya miƙe tsaye ba tare da ya sani ba. Oliseh kuwa yakan tsaya can baya kusa da masu tsaron gida, ya karɓi ƙwallo, ya cilla ta mai nisa ta sauka a gaban ɗan gaba. A wasan ƙarshe na Kofin Afirka na 1994 a Tunis, Nijeriya ta doke Zambiya da ci 2 da 1, Emmanuel Amuneke ya ci duka biyun, kuma ta biyun daga dogon fasin na Oliseh ta fito. A karon farko mai kallo ya ga inda ƙwallon da aka ci ta samo asali.

Watanni kaɗan bayan haka aka sami darasi mai ɗaci. A Gasar Kofin Duniya ta 1994 a Amurka, Nijeriya na gaban Italiya da ci ɗaya, an kori ɗan wasan Italiya guda, saura minti biyu a tashi, sai Roberto Baggio ya farke, sannan ya ƙara a ƙarin lokaci. Ƙungiyar da ke da gwanayen gudu da yanka ta kasa riƙe ƙwallo ta kashe lokaci. Tun daga ranar kalmar riƙo ta shiga cikin gardamar, masu goyon bayan mai rabo suka sami hujjar da suke kafawa har gobe.

Daga nan sai zamanin gidan kallo. Komawar Nwankwo Kanu Arsenal a 1999 da ta Okocha Bolton a 2002 sun ja hankalin matasa zuwa gasar Firimiya ta Ingila. Aka kakkafa rumfunan kwano da janareta da tauraron ɗan'adam a kusan kowane gari, yaro a Kiru ya san jerin 'yan wasan Chelsea fiye da na ƙungiyar garinsu. Babu wanda aka yi musu a kansa a wannan zamani kamar John Mikel Obi. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan a 2005, Mikel ya buga a matsayin mai shirya hari, Sani Kaita ɗan Kano yana tsare masa baya, aka zaɓe shi na biyu a gwaninta bayan Lionel Messi. Da ya koma Chelsea a 2006, Jose Mourinho ya mayar da shi baya, aikinsa ya zama ƙwace ƙwallo da miƙa ta ga na kusa. Wasu suka ce an kashe wa Nijeriya magajin Okocha. Wasu suka ce an ba shi aikin da ya fi wuya, suka kafa hujja da Kofin Zakarun Turai na 2012 da Kofin Afirka na 2013, waɗanda duk ya ɗauka.

A daidai wannan lokaci Barcelona ta Pep Guardiola, tsakanin 2008 da 2012, ta nuna wa duniya cewa gajeren fasin ma makami ne. Xavi ba shi da tsayi, ba shi da gudu, amma da wuya a ƙwace ƙwallo a ƙafarsa, domin kafin ta iso shi ya riga ya waiwaya ya san inda kowa yake. Wanda ya kalli wasannin da kyau zai ga wani abu kuma: duk lokacin da Xavi ya karɓi ƙwallo, akwai mutum biyu ko uku da suka matso suna jiran ta, ga Sergio Busquets a bayansa. Natsuwarsa ba tasa ba ce shi kaɗai, abokan wasansa ne suka gina masa ita.

Wannan gaskiya mun gan ta a gida. An kafa Kano Pillars a 1990 ta hanyar haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta ci gasar ƙasa a 2008, sannan a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kambun Afirka, bayan canjaras 1 da 1 a Kano da 2 da 2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe inda Heartland ta tsayar da ita. Ahmed Musa, wanda gudunsa ya zama abin kwatance, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 kafin ya tafi Turai. Da a ce gudu kaɗai ke kawo kofi, da tafiyarsa ta durƙusar da Sai Masu Gida. Sai ga shi bayan tafiyar tasa ne ƙungiyar ta ci gasar sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, Rabi'u Ali yana tsakiya yana juya wasa, Gambo Muhammad yana gaba. Abin sha'awa, laƙabin Rabi'u Ali shi ne Pele, sunan da zamanin rediyo ya ware wa mai yanka, alhali abin da ya sa ya daɗe yana wasa har ya haura shekara 40 shi ne sanin inda zai tsaya, da iya rabo, da bugun tazara. A gasar Afirka ta 'yan wasan cikin gida ta 2014 a Afirka ta Kudu, yana cikin waɗanda suka ci ƙwallo ranar da Nijeriya ta farfaɗo daga ci 3 da nema ta doke Maroko 4 da 3.

Ni dai ina tare da masu cewa mai rabo ne ginshiƙin hari, amma da sharaɗi. Mutanen Bebeji sun san madatsar ruwa ta Tiga, sun kuma san cewa ruwan da ke cikinta ba ya shayar da gonar Kadawa sai da magudanan da aka tsara masa. Mai rabo kamar madatsar yake: idan babu mai gudu a gefe, babu mai tsare masa baya, babu wanda ya matso ya karɓa, gwanintarsa za ta tsaya a ƙafarsa, 'yan kallo su ce ba shi da kuzari. Mai yanka ma yana bukatar wanda zai ba shi ƙwallo a lokacin da ɗan baya ɗaya kaɗai ya rage a gabansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuskuren da gardamarmu ta daɗe tana yi shi ne auna mutum guda kamar shi kaɗai ne a fili.

Abin da ya sa wannan ya wuce hirar majalisa shi ne yaran da ke sauraronmu. Filayen da suke wasa a kai, a makarantun firamare da bayan gari, busasshiyar ƙasa ce mai tsakuwa da rani, ga kwazazzabai da damina. A irin wannan fili gajeren fasin ba ya tafiya daidai, don haka yaro yana da zaɓi biyu: ya riƙe ya yi yanka, ko ya doka ta sama. Idan aka yi gasar unguwanni ko ta hutun Sallah, wanda ya yanke mutum ya kayar da shi ake yi wa tafi da liƙi. Yaron da ya karɓa ya miƙa cikin taɓawa biyu, ihu ake yi masa cewa tsoro yake ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa muna tanƙwara namu zuwa gefe guda, sannan mu zauna a gidan kallo muna mamakin yadda ƙungiyar ƙasa ke rasa mai riƙe mata tsakiya.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Matasan gari da ke iya yin gayya su share hanya za su iya baje fili su tsince tsakuwarsa. Malaman wasanni da masu horar da ƙungiyoyin unguwa za su iya ware lokaci a atisaye inda ba a yarda yaro ya taɓa ƙwallo fiye da sau biyu ba, domin ya koyi ɗaga kai kafin ta iso shi. Masu shirya gasa a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda suka saba ba da kyautar wanda ya fi cin ƙwallo, za su iya ƙara ta wanda ya fi bayarwa a ci. Rediyo ta koya wa kakanninmu kiran sunan mai riƙe da ƙwallo, talabijin ta nuna wa iyayenmu inda ta fito, mu kuma gidan kallo ya nuna mana filin gaba ɗaya. Tunda mun ga abin da na gabanmu ba su gani ba, ya kamata tafinmu a bakin fili ya kai ga yaron da ya tsaya cikin matsi, ya duba, ya miƙa, da kuma abokansa da suka sama masa wurin tsayuwa.