Na'urar DAC

Na'urar DAC na'urar lantarki ce da ke karɓar sautin da aka adana a matsayin lambobi, ta mayar da shi siginar lantarki wadda amfilifaya da lasifika za su iya aiki da ita. DAC haruffan farko ne na sunanta a Ingilishi, wato mai juya dijital zuwa analog. Duk wayar hannu, kwamfuta ko talabijin mai fitar da sauti tana da ita a ciki, amma masu sauraren kiɗa a gida kan sayi wadda ke zaman kanta.

Yadda take aiki

Wajen naɗar sauti ana auna ƙarfinsa sau dubbai a kowace daƙiƙa, a rubuta kowane awo da lamba. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a shekarar 1982, yana ɗauke da awo 44,100 a daƙiƙa, kowane awo da bit 16, wato matakai 65,536. Ƙa'idar da ake dangantawa da Harry Nyquist da Claude Shannon ta nuna cewa ana iya dawo da sauti yadda yake muddin yawan awon ya haura ninki biyu na girgizarsa mafi tsini. Kunnen matashi mai lafiya kuwa ba ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa, kuma jin yana raguwa da shekaru. Bit 16 na ba da tazarar kusan desibel 96 tsakanin sauti mafi ƙarfi da ƙarar da ke ƙasa.

Kasuwa

Ƙananan DAC masu shiga kafar USB sun yaɗu bayan AudioQuest ya fitar da DragonFly a 2012. Da Apple ya cire kafar hedfon daga iPhone 7 a 2016, sai miliyoyin mutane suka koma amfani da ɗan guntun kebul mai DAC a cikinsa, da yawansu ba su ma sani ba. Cikin masu ƙera na'urori masu araha akwai Topping da SMSL da FiiO na ƙasar Sin, da Schiit na Amurka. Kamfanonin kan sayi cip ɗin ne daga ESS, AKM, Cirrus Logic ko Texas Instruments. Gobarar da ta tashi a masana'antar AKM da ke Nobeoka a Japan cikin Oktoban 2020 ta sa masu ƙira da dama sauya cip.

Zaɓen mai araha

Manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali, irin su bit 32 ko awo 768,000, ba su ne abin dubawa ba. A binciken da Brad Meyer da David Moran suka wallafa a 2007, masu saurare da ba a gaya musu abin da ake kunnawa ba sun kasa bambance faifai masu awo mai yawa da sautin da aka rage zuwa matakin CD. An yi ta muhawara kan yadda aka tsara gwajin, amma ya isa ya sa mai saye ya yi hattara da talla. Sunan cip shi ma ba ya yanke hukunci, domin tsarin wuta da sashen fitar da sigina suna da nasu tasiri.

Abin da ya fi yawan jawo asarar kuɗi shi ne kafofi. Kwamfuta da waya na buƙatar USB. Talabijin kan fitar da sauti ta kebul mai haske da ake kira Toslink, kuma dole a saita ta a kan PCM. Idan aka bar ta a Dolby Digital, yawancin DAC sai su yi shiru ko su fitar da ƙara mai cutar da kunne. Toslink na da wani amfani: tunda haske yake ɗauka ba wuta ba, yana yanke gurnanin da ke tasowa idan na'urori biyu suka haɗu ta wayar ƙasa.

DAC zalla ba ta tuƙa lasifika. Siginar da ke fita ta kafar RCA kusan bolt 2 ce, sai an bi da ita ta amfilifaya ko lasifika mai amfilifaya a ciki. Mai hedfon sai ya nemi wadda aka haɗa da amfilifayar hedfon da maɓallin ƙara murya. Idan kuwa kwamfutar ba ta fitar da tsaki ko gurnani, sauya lasifika ko gyara wurin ajiye su a ɗaki ya fi sabuwar DAC sauya abin da kunne zai ji.