Yardar da ta Zo Daga Baya: Auren Haɗi da Soyayya a Erec et Enide

Tsakure

Maƙalar ta nazarci Erec et Enide, waƙar labari da Chrétien de Troyes ya rubuta a Faransa wajen 1170. Ta nuna cewa marubucin ya jinkirta yardar amarya har labari ya yi nisa, kuma a wurin da yardar ta bayyana ne ya kafa soyayyar ma'auratan.

Waiwaye

Gaston Paris ne, a 1883, ya yayata batun soyayyar fada. C. S. Lewis ya ɗora a kai cikin The Allegory of Love (1936), inda ya sa neman matar wani cikin siffofi huɗu na wannan soyayya, bisa hujjar cewa auren sarauta ciniki ne na ƙasa da gado. Masu bin sa kan jingina da Andreas Capellanus, wanda ya kawo hukuncin da ya danganta wa Marie ta Champagne cewa soyayya ba ta da gurbi tsakanin mata da miji. Da wannan ra'ayi nake jayayya. An gina shi kan labaran Lancelot da Tristan, aka kau da kai daga Erec et Enide, wanda kacokan a kan aure yake. Georges Duby (1981) ya fi kusa da gaskiya da ya nuna takun saƙa tsakanin auren da dangi ke ƙullawa da wanda coci ke so.

Hanyar Bincike

An bi matanin daki-daki, aka kwatanta wurare biyu da aka aurar da Enide.

Sakamako

Auren farko na maza ne zalla. Erec, barden Sarki Arthur, ya sauka gidan wani dattijo da talauci ya ci. Yana neman aron sulke da makamai don gasar shaho, sai ya nemi auren 'yar gidan, Enide, uban ya ba shi nan take. Yarinyar tana cikin tsohuwar riga da ta huje a gwiwar hannu, ita ce ma ta kula da dokin baƙon. Ta yi murna, amma ba wanda ya tambaye ta, kuma ko sunanta ba a ji ba sai ranar ɗaurin aure.

Aure na biyu shi ne zuciyar wannan bincike. Can gaba a labarin, Erec ya faɗi da raunuka, Enide ta ɗauka ya mutu, har ta zare takobinsa za ta kashe kanta. Basaraken Limors ya tsince ta, ya sa aka ɗauki mijin zuwa fadarsa, ya kira malamin cocinsa ya ɗaura musu aure ƙarfi da yaji. Aka kawo abinci, ta ƙi ci. Ya mare ta, mutanensa suka tsawata masa, ya ƙara. Ta ce ko me zai yi mata, ba za ta zama tasa ba. Ihunta ne ya farkar da Erec, ya tashi ya sare basaraken, suka fice a kan doki ɗaya, kuma a nan ya tabbatar mata da ƙaunarsa.

A lura da kyau: a saninta ita bazawara ce, ba uba a kusa, ba mijin da zai ji, ga dukiya an shimfiɗa mata. Karon farko ke nan da zaɓi ya zama nata ita kaɗai, ta kuwa zaɓi Erec, mutumin da aka ba ta tun farko. A zamanin ne Fafaroma Alexander III (1159 zuwa 1181) ke yanke hukunci cewa yardar ma'aurata ce ke ƙulla aure. A ganina Chrétien ya bar wa dangi haɗin, sannan ya sa auren ya jira amincewar matar kafin ya zauna da gindinsa.

Iyakar Bincike

Dole a yarda cewa matani ɗaya ne, namiji ya rubuta shi don mutanen fada. Haka nan Havelok the Dane na Ingila, na ƙarshen ƙarni na 13, bai bi wannan tsari ba: a cikinsa an aurar da Goldeboru dole ga Havelok, yaron kicin, kuma baƙin cikinta bai yaye ba sai da ta ga haske na fita daga bakinsa, mala'ika ya shaida mata ɗan sarki ne. Can asali ne ya sasanta su. Wannan bai rushe abin da aka gani a Limors ba, sai dai ya hana a shafa shi a kan dukkan labaran zamanin.