Sa'ad Da Hannun Makiyayi Ya Gaji: Tarihin Ikkilisiyar Katolika A Kontagora

Yau za mu dubi tarihin wata ikkilisiya ta ƙasarmu, domin mu ga dalilin da ya sa shugabanni suke bukatar addu'armu.

A watan Disamba na 1995 Paparoma John Paul na Biyu ya keɓe yankin Kontagora ya zama filin bishara mai zaman kansa. An yanko shi daga ƙasashen bishop na Minna da Ilorin da Sakkwato. Ƙasa ce mai faɗi, ta Kambari da Dukawa da Dakarkari da sauran kabilu, kowa da harshensa. Aka ɗora nauyin a kan Fada Timothy Carroll, mutumin Ailan, na ƙungiyar mishan ta SMA. A zamaninsa an haƙa rijiyoyi a ƙauyuka, an kuma buɗe azuzuwan koyon karatu da rani. A 2002 aka naɗa shi bishop.

Amma jiki da jini ne. Dokar Katolika ta ce bishop ya miƙa takardar ajiye aiki idan ya kai shekara 75. Bishop Carroll bai kai ba. A 2010 rashin lafiya ya sa ya sauka. Kusan shekara 2 kujerar tana nan babu bishop, sai mai riƙon ƙwarya. Duk wanda ya taɓa ganin garke sa'ad da makiyayi ya kwanta ya san irin wannan lokaci: jita-jita ta yi yawa, kowace kabila tana so a ɗauki nata. A 2012 aka naɗa Fada Bulus Dauwa Yohanna, ɗan ƙasa, ya gaje shi. A 2020 Paparoma Francis ya ɗaga Kontagora ta zama cikakkiyar dayosis.

Shi kansa Francis ya kwanta asibiti kwana 38 a farkon 2025, ya rasu ran 21 ga Afrilu, aka zaɓi Leo na 14 ran 8 ga Mayu. A watan Nuwamba na 2025 kuma 'yan bindiga suka kwashe ɗaruruwan ɗalibai da malamai daga makarantar St. Mary ta Papiri, a cikin dayosis ɗin Kontagora. Iyaye duka suka zuba wa bishop ido, ga shi kuwa ba shi da soja, ba shi da bindiga. Kafin Kirsimati aka sako sauran da ke hannu.

Me za mu koya? Ku karanta Fitowa sura 17. Musa ya ɗaga hannuwansa har suka gaji, sai Haruna da Hur suka tallafe su, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. A Ayyukan Manzanni sura 12 kuma, da aka kulle Bitrus, ikkilisiya ba ta zauna tana gardamar wanda zai gaje shi ba. Addu'a ta duƙufa yi.

Wataƙila kai ɗan ECWA ne, ko Baftis, ko Angilika, ka ce wannan ba naka ba ne. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yau da dare, in kun taru bayan tuwo, ku ambaci sunan bishop, da fastonku, da katikis na ƙauye. Ku roƙa wa marar lafiya sauƙi, wanda ya sauka hutawa, sabon shugaba kuma hikima. Ku yi da harshenku na gida, Ubangiji yana ji.