Fitilar Asuba da Zaren Gandhi

A gidaje da dama na GRA ta Gombe, kamar a Kano da Zariya, fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa ya zama abokin hirar dare. Tun shekarun 1950 da Kwarori masu gidajen sinima suka fara kawo finafinan Indiya Arewa muke haddace waƙoƙinsu, har masu bandiri a Kano suka ari karinsu suka yabi Annabi (SAW) da shi, kamar yadda masani Brian Larkin ya nazarta. Amma akwai abin da ke giftawa a cikin finafinan ba mu kula ba: uwargida ta tashi da sassafe, ta kunna fitila a kusurwar ɗaki kafin ta ɗora tukunya. Wannan ita ce puja, kuma tana nuna ginshiƙin tunanin Hindu: ilimin ruhi bai kammala ba sai ya shiga hidimar yini.

Littafin Bhagavad Gita, mai baiti 700 a babi 18 cikin babban littafin Mahabharata, a kan wannan ya tsaya. Jarumi Arjuna ne jikinsa ya yi sanyi a fagen Kurukshetra, yana so ya ajiye baka don kada ya yaƙi danginsa. Krishna, abin bautar Hindu da ke masa jagora, bai tura shi daji halwa ba. Ya hore shi da ya sauke nauyin da ke kansa, ya cire kwaɗayin sakamako daga zuciyarsa. Wannan tafarki shi ake kira karma yoga.

Gandhi ne ya fi kowa saukar da shi ƙasa. Ya fassara Gita zuwa Gujarati, amma tafsirinsa na gaske yana hannunsa: kullum sai ya yi kaɗin auduga, kuma a mazauninsa kowa na wanke masai, aikin da aka bar wa ƙasƙantattu. A 1930 ya taka daga mazauninsa na Sabarmati zuwa Dandi ya ɗebi gishiri, ya karya dokar Turawa. Bahaushen da ya ga kakarsa da mazari zai gane haƙurin da zare ke koyarwa.

Musulmi ba ya tarayya da 'yan Hindu a aƙida, ba kuma haka nake nema ba. Ikhlasi da tawakkali sun yi kusa da wannan koyarwa, sai dai mu muna aiki don Allah, muna fatan lada. Abin da ke jan hankalina shi ne tambayar da malaman zaure suka daɗe suna yi wa almajiri: ina aikin karatunka?

Sai dai koyarwar Gita na da ƙaya. Nauyin da aka ce Arjuna ya sauke nauyin ajin mayaƙa ne da aka haife shi a ciki. Ambedkar, jagoran tsara kundin mulkin Indiya, ɗan waɗanda ake ƙyamar taɓawa, ya ga Gita na kare wannan rabe-raben haihuwa. A 1956, a Nagpur, ya bar addinin Hindu ya koma na Buddha tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa.