Ƙofar da ba ta da ɗaki: tarihin /dev da shiga kwamfuta daga nesa

A farkon shekarun 2000 akwai wata matsala da ta sha wahalar da masu ɗora Linux a kan kwamfutar da ba ta gabansu. Mutum zai kammala aikin, ya umarci na'urar ta sake tashi, sannan ya nemi shiga daga nesa ta hanyar SSH, manhajar da Tatu Ylönen ya ƙirƙira a Helsinki a 1995 don a daina aika kalmar sirri a fili. Na'urar za ta karɓi kalmar sirrinsa, amma ta ƙi ba shi tagar rubuta umarni. An buɗe masa ƙofa, ya tarar babu ɗaki.

Asalin matsalar tsohuwar dabara ce ta Unix, wadda Linux ta gada: ana mu'amala da kowace na'ura tamkar fayil. Faifan ajiya fayil ne, allon rubutu fayil ne, kuma duk suna zaune a burgami ɗaya mai suna /dev. Wanda ya shigo daga nesa ba shi da allon gaske a jikin kwamfutar, don haka ake ƙirƙira masa na aro a /dev/pts. Idan ba a ɗaura wannan sashe a mazauninsa ba, SSH ba ta da abin da za ta miƙa masa.

Tambayar da ta jawo gardama ita ce: wa ke da alhakin cika /dev? Da farko babu kowa. Masu rarraba Linux kan zuba dubban fayiloli tun wurin ɗorawa, ɗaya ga kowace na'urar da wataƙila za a jona wata rana, ko da kuwa ba za a taɓa jona ta ba. Richard Gooch ya kawo gyara da devfs, wanda ya shiga zuciyar Linux a 2000: ita zuciyar da kanta za ta samar da fayil ga na'urar da ke nan kawai. Tunani ne mai kyau, sai dai ya zo da sababbin sunaye. Faifan da kowa ya sani da /dev/hda ya koma /dev/ide/host0/bus0/target0/lun0/disc, har sai da aka tanadi wata manhaja, devfsd, don ta riƙa maido da tsofaffin sunaye.

Masu amfani da Gentoo, wadda ta fito a 2002, sun fi kowa ɗanɗana kuɗar wannan. A can mutum da hannunsa yake haɗa komai: ya tashi daga faifan CD, ya shiga sabon tsarin ta chroot, umarnin da ke Unix tun 1979, ya harhaɗa zuciyar manhajar da zaɓin kansa. Gentoo ta wancan lokaci ta dogara ga devfs, saboda haka mantuwa da zaɓi ɗaya ta isa ta hana na'ura tashi daidai. Da Linux 2.6 ta fito a Disamba 2003, devfs ya daina kula da /dev/pts, ya zama dole a ɗaura shi daban. Wanda ke zaune gaban kwamfutarsa layi ɗaya zai ƙara a /etc/fstab ya wuce. Wanda tasa ke wani gari kuwa, in bai san yadda ake aika umarni ta SSH ba tare da taga ba, sai roƙon wani ya je ya duba masa.

A 2003 ɗin Greg Kroah-Hartman ya fito da udev, da hujjar cewa raɗa wa na'ura suna ba aikin zuciya ba ne, na manhajojin da ke samanta ne. Hujjarsa ta yi rinjaye, aka cire devfs a sigar 2.6.18 a 2006. Amma nasarar ba ta cika ba, domin udev na buƙatar wasu fayilolin /dev kafin shi kansa ya iya tashi. A ƙarshen 2009, sigar 2.6.32 ta zo da devtmpfs na Kay Sievers, inda zuciyar ta koma samar da fayilolin, aka bar wa udev izini da ƙarin sunaye. Rabin tunanin Gooch ke nan ya dawo da wani suna. Shi kuwa /dev/pts har yau daban ake ɗaura shi, kuma littafin jagorar Gentoo na umartar mai ɗorawa ya jona /dev da duk abin da ke ƙarƙashinsa kafin ya shiga chroot.