Yadda Jihar Iowa Ta Mayar Da Iska Sana'a, Da Abin Da Garin Newton Ya Gani

A watan Oktoban 2007 aka rufe masana'antar Maytag da ke Newton, wani ƙaramin gari mai mutane kimanin 15,000 a jihar Iowa ta Amurka. A wannan gari aka kafa kamfanin a 1893, kuma injinan wankin da ya daɗe yana ƙerawa su suka ciyar da kakanni da iyaye da jikoki. Da kamfanin Whirlpool ya saye shi a 2006, sai ya kwashe aikin zuwa wasu wurare, mutane wajen 1,800 suka rasa abin yi. Shekara guda bayan haka aka fara ƙera fikafikai da hasumiyoyin injinan iska a garin. Wannan sauyi yana da tushe a wata doka da majalisar jihar ta zartar shekaru 25 kafin nan.

A 1983 Iowa tana cikin matsi. Manoman masara da waken suya sun ci bashi a shekarun 1970, ruwan bashi ya hau, darajar gonaki ta faɗi, bankuna suna ƙwace filaye. Jihar ba ta haƙar man fetur, kuma yawancin kwal ɗin da tashoshin lantarkinta ke ƙonawa daga wasu jihohi ake kawo shi, wato kuɗin makamashi fita suke yi. A wannan shekara sabon gwamna Terry Branstad, ɗan jam'iyyar Republican, ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa manyan kamfanonin lantarki sayen wuta daga makamashi mai sabuntawa, adadin da ya tsaya a megawat 105. Ita ce doka ta farko irinta a duk Amurka. Hujjar da ta karɓu wurin 'yan majalisa ta tattalin arziki ce: a riƙe kuɗi a gida, a buɗe wa manomi wata hanyar samu.

Dokar ba ta yi aiki nan take ba. Kamfanonin lantarki sun yi ta jayayya a kotu da gaban hukumar da ke kula da su, musamman kan farashin da za su sayi wutar. Sai a 1999 manyan gonakin injinan iska na farko suka fara aiki, mafi girmansu kusa da garin Storm Lake. A tsakanin wannan lokaci wani abu ya faru a Washington: a 1992 Sanata Chuck Grassley na Iowa ya shigar da rangwamen haraji cikin dokar makamashi ta tarayya, senti ɗaya da rabi kan kowane kilowat na awa guda da aka samar da iska, har tsawon shekaru goma. Dokar jiha ta tanadi mai saye, rangwamen tarayya ya rage tsada.

Mataki na biyu ya zo a zamanin Gwamna Tom Vilsack, ɗan Democrat. A 2001 aka yi dokar da ta ba kamfanin lantarki damar sanin yadda hukuma za ta lissafa ribarsa tun kafin ya gina sabuwar tasha, aka kuma sa burin kai wa megawat 1,000 na iska zuwa 2010. Wannan tabbaci ya sauya lissafi. MidAmerican Energy, wanda ke ƙarƙashin Berkshire Hathaway na Warren Buffett, ya tashi daga mai sayen wutar iska bisa tilas ya koma mai gina injinansa da kuɗinsa. An haye burin megawat 1,000 shekaru kafin wa'adi.

Injin iska yana buƙatar mai hawa hasumiya ya duba mai, ya gyara janareta, ya karanta na'urorin lantarki. A 2004 kwalejin Iowa Lakes ta buɗe sashen horar da irin waɗannan ma'aikata a garin Estherville, kwas na shekara biyu wanda yaran ƙauyuka za su iya shiga ba tare da sun bar yankinsu ba. A 2007 Gwamna Chet Culver ya kafa asusun makamashi na dala miliyan 100 na shekaru huɗu, tare da ofishi na musamman mai kula da shi. Jihar ta kuma yi zawarcin masana'antu da hujja mai sauƙi: fiffiken injin iska dogo ne ƙwarai, jigilarsa a mota tsada gare ta, don haka gara a ƙera shi kusa da inda za a kafa shi. Siemens ya sauka a Fort Madison, Clipper a Cedar Rapids, Acciona a West Branch. A Newton kuwa, TPI Composites ya buɗe masana'antar fikafikai a 2008, Trinity kuma ya shiga wani ɓangare na tsohon ginin Maytag yana ƙera hasumiyoyi. Ranar 22 ga Afrilun 2009 Shugaba Barack Obama ya je wannan gini ya yi jawabi kan makamashi, Newton ta zama misalin da ake bugawa a faɗin ƙasar.

Sai dai abin da mutanen garin suka gani ya bambanta da abin da hotunan jaridu suka nuna. Sababbin guraben ba su kai yawan waɗanda aka rasa ba, kuma albashin bai kai na Maytag ba, inda ƙungiyar ƙwadago ta daɗe tana ciniki kan lada da fansho. Ƙari a kan haka, masana'antun sun dogara da rangwamen harajin tarayya, wanda majalisar ƙasa ke sabuntawa na ɗan gajeren lokaci. Duk sa'ad da wa'adinsa ya kusa ƙarewa, oda takan tsaya. A 2012 Siemens ya sallami ma'aikata fiye da 400 a Fort Madison, Clipper kuma ya daina ƙera sababbin injina. A ƙarshen 2021 TPI ya dakatar da aiki a Newton, mutane wajen 700 suka zauna a gida. Garin ya sake ɗanɗana abin da ya ɗanɗana shekaru 14 baya.

A ɓangaren wuta kuwa nasarar ba ta da gardama. A 2019 iska ta zarce kwal a Iowa, kuma tun 2020 fiye da rabin lantarkin da jihar ke samarwa daga iska yake fitowa. Ƙarfin injinan da aka kafa ya haura megawat 12,000, a jihar da mutanenta ba su wuce miliyan uku da ɗoriya ba. Manomi yana karɓar kuɗin hayar filin da hasumiya ke tsaye a kai duk shekara, yana kuma ci gaba da shuka masara a gefenta. Gundumomi suna samun harajin kadara da ke tafiya makarantu da hanyoyi. Google a Council Bluffs, Facebook a Altoona da Microsoft a West Des Moines sun gina rumbunan bayanai, kuma wadatar wuta mai araha na cikin abin da ya jawo su. Duk da haka ba kowa ya gamsu ba. Wasu gundumomi, ciki har da Madison, sun taƙaita kafa sababbin injina bayan ƙorafin mazauna kan ƙara da sauyin kamannin karkara.

Tarihin ya nuna cewa ayyukan da iska ta kawo iri uku ne, kuma ƙarkonsu ba ɗaya ba. Aikin gini yana ƙarewa da zarar an kafa injin. Aikin masana'anta yana hawa da sauka da odar kasuwa da shawarar majalisar tarayya, abubuwan da gwamna ba ya iko da su. Aikin kulawa da gyara shi ne mafi ƙarancin adadi, amma shi ke zama muddin injin na juyawa. Abin da jihar ta riƙe a hannunta, wato dokar saye, tabbacin farashi da horar da ma'aikata, shi ya ɗore a ƙarƙashin gwamnonin jam'iyyu biyu.

Jihohin Najeriya sun sami irin wannan iko a 2023, lokacin da gyaran tsarin mulki da sabuwar dokar lantarki suka ba su damar samar da wuta, rarraba ta da tsara kasuwarta a cikin iyakokinsu. Wasu, kamar Enugu, Ekiti da Ondo, sun riga sun karɓi ragamar kula da kasuwar daga hukumar tarayya. Duk gwamnatin da ke rubuta alƙawarin guraben aiki a takardar tsarinta za ta fuskanci tambayoyin da Iowa ta fuskanta: wa zai sayi wutar, a wane farashi, wa zai gyara na'ura idan ta tsaya, kuma nawa ne daga cikin guraben za su rage bayan 'yan kwangila sun tafi. Tsakanin sa hannun Branstad da juyawar manyan injinan Storm Lake, shekaru 16 aka yi.