Tantunan Paris da kalma guda

Ni kalma guda ce ta ja ni cikin wannan tarihi: *opposable*. Tun 1990 dokar Besson ta ce samun wurin zama haƙƙi ne a Faransa. To amma haƙƙin da babu wanda za ka riƙe a kansa, ai alƙawali ne kawai. Mutane suka ci gaba da kwana bakin titi.

Cikin Disamba 2006, sanyi na tsakiya, ƙungiyar Les Enfants de Don Quichotte ta jera jajayen tantuna a bakin mashigin ruwa na Saint-Martin, a Paris. Dabarar Augustin Legrand da abokansa ita ce kiran masu gida su zo su kwana tare da marasa gida. Telebijin ta ɗauka, ga zaɓen shugaban ƙasa saura wata huɗu. Ranar 31 ga Disamba Jacques Chirac ya yi alƙawali, 5 ga Maris 2007 dokar DALO ta fito.

Na daɗe ina juya kalmar nan a Hausa. Abin da ya fi kwanta mini shi ne "haƙƙin da ake kai ƙara a kansa". Marar gida ya kai kukansa gaban kwamiti. In an yarda bukatarsa ta gaggawa ce, wa'adi ya cika gwamnati ba ta ba shi gida ba, sai kotu.

Ga inda nake jin haushi, ƴan uwa: tarar da alƙali ke ɗora wa gwamnati saboda jinkiri ba ta shiga aljihun mai ƙara, wani asusun hukuma take komawa. A yankin Paris, dubban iyalan da kwamiti ya ba gaskiya har yanzu jira suke.